Magsalar da ke wanke mota da ruwan jiya, a bayan filin jirgin Jidda

Tun 2007 nake Jidda, kuma mafi yawan shekarun nan a bayan sitiyari na yi su. Wata Hiace nake ja wa kamfanin da ke jigilar alhazai da masu Umara daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz zuwa Makka, tafiyar kusan kilomita 100. Duk wanda ya taɓa ɗaukar mutum 12 da suka kwana a jirgi ya san yadda mota ke komawa: ƙwallon dabino a ƙarƙashin kujera, shayi a kan kafet, ga ƙurar hanya ta manne a jiki. Idan azumi ya kama, sau 3 nake wanki a mako. Don haka in ana maganar magsala, kamar yadda ake kiran wurin wankin mota a nan, ina da bakin magana.

Da, wurin yaran da ke wanki da bokiti a bakin titi nake kaiwa, juyen mai kuma a wani banshar, wato shagon gyaran taya, da ke kusa da gidanmu. Ƙasar bayan banshar ɗin nan baƙa ƙirin ce, ko kyanwa ba ta kwanciya a kai. Ban taɓa damuwa ba. Wani abokin aikina ɗan Damagaram ne ya matsa mini in gwada wata magsala da ke arewacin gari, ka bar Titin Madina kaɗan, inda jirage ke wuce ka ƙasa-ƙasa har ka ga tayoyinsu. Wata 5 ke nan ina zuwa.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙofar wurin a bushe take. Ka san magsala tun daga nesa ake gane ta, da kwatar ruwan kumfa da ke malala har kan kwalta. Nan babu. Mai kula da wurin wani dattijo ne, Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, cikin jikokin mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa irin ta kakanni ce, da Larabci a tsakiya kamar gishiri a miya. Na ce masa, “Baba, ina ruwan naku yake tafiya?” Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ba ya tafiya ko'ina. Wanda ya wanke motar jiya shi zai wanke taka.”

Raina bai so ba, gaskiya. Sai ya ja ni baya ya ɗaga wasu murafan ƙarfe. Daɓen wurin a karkace aka yi shi, duk ruwan na gangarawa cikin lambatu ɗaya. Rami na farko nan yashi da laka ke kwantawa. Na biyu yana da shinge a tsakiya: tunda mai bai kai ruwa nauyi ba, sai ya taso sama ya maƙale, ruwan ya bi ta ƙarƙashin shingen ya wuce. Daga nan sai matata, sai tanki. Da wannan ruwan ake jiƙa mota a kuma wanke tayoyi da ƙasanta. Ɗaurayar ƙarshe kawai ake yi da sabon ruwa. Cikin mota kuwa tururi ne da tsumma. Lakar ramin farko ba a watsa ta a fili, mota ce ke zuwa ta zuƙe, don cike take da giris da garin birki.

A filin jirgin ya koyi wannan. Ya ce ya yi shekaru yana wa wani ɗan kwangila wankin motocin da ke jan kaya da bas-bas na kai fasinja bakin jirgi. A can, in man jirgi ya zuba, wanda ɗan'uwan kananzir ne, ba a kama tiyo a kora shi. Abin tsotsa ake zubawa a kai, a kwashe a duro, domin abin da ka kora da ruwa ba ɓacewa ya yi ba, ƙasa ka tura wa. Har ya ba ni labarin kumfar kashe gobara, wadda aka daɗe ana atisaye da ita a filayen jirage da sansanonin soja a Amurka da Ostireliya, daga baya aka tarar sinadarinta ya sauka cikin ruwan rijiyoyin maƙwabta, kuma irin wanda ba ya ruɓewa ne. Ni dai wankin mota na zo, na tashi da karatu.

Amma maganar ta zauna mini, saboda na san garin nan. Jidda ba ta da kogi, ruwan saman shekara guda bai kai abin da Kano ke samu a watan Agusta kaɗai ba. Abin da ke fitowa a famfo ruwan Bahar Maliya ne da aka cire wa gishiri, mai yawa daga cikinsa daga Shu'aiba, kudu da gari, kuma da wuta ake tace kowace lita. Wanda ya taɓa bin layin wayit, tankar ruwa ke nan, ran da famfon unguwa ya ɗauke, ba ya bukatar wa'azi. Ƙasar ma ba ta ɓoye komai: ruwan ƙarƙashi a kusa yake, a wasu unguwanni har tasowa yake yi. Ina garin nan ranar 25 ga Nuwamba 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, da ambaliya ta ci unguwar Kuwaiza ta kashe mutum fiye da 100. Kwanakin da suka biyo baya kowa zancen Tafkin Miski yake yi, wancan tafkin da ke gabas da gari inda tankokin bahaya suka yi shekaru suna juyewa (wanda ya raɗa masa suna ya iya ba'a), ana tsoron kada ya ɓalle. Sai a 2010 aka ƙafar da shi.

To, aikin nasu fa? Jikin mota yana fita fes, ba ni da ƙorafi. Tururin ya cire mini tabon shayin da ya shekara a kujerar baya, kuma kafet ba ya kwana a jiƙe, wanda ga mai ɗaukar fasinja da asuba ba ƙaramin abu ba ne. Juyen mansu ma ya fi na kowa tsabta a inda na sani. Baƙin man a duro mai murfi yake shiga, tsohuwar filta a kife ta a kan raga sai ta tsane, masu sake tace man su zo su ɗauka. Na ga ran da wani yaro ya kifar da rabin faranti a ƙasa ya miƙa hannu zai ɗauko tiyo. Baba bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, “Kai yaro, alwala za ka yi masa?” Yaron ya koma ya ɗebo garin katako.

Inda suka gaza kuma ba zan rufe ba. Riyal 35 nake biya a kan abin da yaran bakin titi ke yi mini a 20, kuma kamfani ba ya cika mini. Ba su da sauri ko kaɗan. Mota biyu kawai ke shiga a lokaci guda, na taɓa zaman awa ɗaya da rabi har na kusa makara ga jirgin Kano. A tsakiyar zafi, watan Yuli, ruwan tankin ya ɗauki wani wari kamar na tsohuwar randa, sai da na yi magana aka wanke ramukan. Sau biyu kuma ɗaurayar ba ta isa ba, gilashi ya bushe da ɗigo-ɗigon fari. Na nuna wa Baba, ya sa aka sake ba tare da ya karɓi ko halala, wato kwabon nan ƙasar, ba, sai dai ya bi ni da tsokana wai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, ni kuma ina so a yi wa Hiace wankan amarya. Wurin zaman jira benci ne guda da fanka mai ƙara. Shayin dai na Sudan ne, da na'ana'a, kyauta.

Direban da ke da jirgi a gabansa kada ya shiga nan, ya bari sai ya sauke mutanensa. Daren Alhamis ma kada ka soma, layin har waje. Ni ranar Lahadi nake zuwa da an buɗe, in ajiye makulli, in karɓi shayina, in zauna ina ƙirga jiragen da ke sauka har a kira ni.