Kaɗa ƙuri'a da wuri ko jiran ranar Talata?

Hajiya, barka da samun takardar zama 'yar ƙasa, Allah ya sanya alheri. Kin tambaya ko ki kaɗa ƙuri'arki da wuri ko ki jira ranar zaɓe, tunda wannan ne karonki na farko a New York. Ni dai ina ganin ki je da wuri.

Babban zaɓen Amurka ranar Talata ake yinsa, wadda ta biyo bayan Litinin ta farko a Nuwamba, haka doka ta tsayar tun 1845. Ba kamar Najeriya ba ne, inda ake yi ranar Asabar a hana zirga-zirga. Nan kowa na bakin aikinsa, mai tasi na kan hanya, mai kula da tsofaffi ba ta da damar barin gidan da take aiki. Rumfuna a New York na buɗewa ƙarfe 6 na safe, a rufe 9 na dare, kuma duk wanda ke kan layi lokacin rufewa sai an bar shi ya kaɗa. Amma rana ɗaya ce tak. Yaro ya tashi da zazzaɓi, ko jirgin ƙasa ya tsaya, shi ke nan.

Zaɓen da ake yi da wuri kuwa, da jihar ta fara a 2019, kwana 9 ne a jere, daga Asabar har Lahadin ƙarshe kafin zaɓe. Ƙuri'ar iri ɗaya ce, ƙimarta ɗaya, ki cike da biro ki zura a na'ura da hannunki. Abin da ya fi ja na gare shi shi ne sabon mai rajista ne aka fi samun tangarɗa a sunansa. Idan ba a ga sunanki ba ranar Talata, sai dai a ba ki ƙuri'ar rantsuwa a sa a ambulan, a tantance daga baya. Idan da wuri kika je, kina da kwanakin bibiyar hukumar zaɓe. Ki dai duba takardar da ke nuna rumfarki da kyau, don a cikin birnin New York rumfar masu kaɗawa da wuri kan bambanta da ta ranar zaɓe, lokutan buɗewa ma ba ɗaya ba ne kullum.

Inda jira ke da amfani shi ne zaɓen fitar da gwani. Ƙuri'a in ta shiga na'ura ba ta dawowa. A Maris 2020 Pete Buttigieg da Amy Klobuchar, masu neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, sun janye ana jajibirin Babbar Talata, ranar da jihohi da yawa ke zaɓen fitar da gwani lokaci guda, mutanen Kalifoniya da Texas da suka riga suka zaɓe su ƙuri'unsu suka tafi ga 'yan takarar da ba sa cikin tsere. A zaɓen Nuwamba da wuya hakan ta faru.

Don Allah ki gaya wa 'yan'uwa masu katin zama na dindindin kada su yi rajista, balle su kaɗa. Ɗan ƙasa kaɗai doka ta yarje wa, kuma laifin kan kai mutum ga kora daga Amurka.