Gretsch ɗin Malcolm ko SG ɗin Angus: wacce jita ta cancanci kuɗinka?

Magoya bayan AC/DC, ƙungiyar kiɗan rock da 'yan'uwan nan biyu suka kafa a Sidni ta Ostireliya a 1973, ba su gajiya da musu: Angus Young ne gwani ko yayansa Malcolm, wanda ya rasu a 2017? Rabin musun nan a jitocinsu yake, kuma irin jitocin biyu duk suna kasuwa.

Gretsch G6131-MY kwaikwayon Jet Firebird ta 1963 ce, wadda Malcolm ya kankare wa fenti, ya ciccire mata maganaɗisun ɗaukar sauti guda biyu ya bar na kusa da jaki (abin da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jita) kaɗai. Kamfanin bai cike ramukan ba, haka nan suke a buɗe ƙura na taruwa ciki. Maganaɗisun da ya rage na kamfanin TV Jones ne, amonsa busasshe ne mai kaifi, ba ya rufa wa kowa asiri. Yatsa ya ɗan goce, kowa zai ji.

Sai dai jitar ba ta ba da wannan amo da tsirkiya siririya. Malcolm masu kauri yake ɗaurawa, lamba 12 zuwa 56, ta ukun ma naɗaɗɗiya ce. Kafin ka ɗaura irinsu sai a faɗaɗa tsagogin da tsirkiyoyi ke kwanciya a saman wuya, in ba haka ba za su riƙa maƙalewa, saiti ya riƙa sauka. Nauyin jansu kuma zai lanƙwasa wuyan gaba. A ƙara ɗaure ƙarfen da ke cikin wuyan, rubu'in juyi a lokaci guda, a bar itacen ya kwana, sannan a daidaita jaki. Wanda ya yi gaggawa zai ƙare da tsirkiya mai karkarwa ko mai tsayin da ke cinye yatsu.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen amfilifaya yake. Mutane na murɗa maɓallin da ke sa amo ya yi kaushi har ƙurya, suna zaton haka ake yi. A'a. Amfilifayar Marshall ta Malcolm kusan garau take, ƙarfin daga hannun dama yake fitowa. Sa abin sauraro a kunne ka bi ɓangaren hagu, inda jitarsa take a yawancin faya-fayansu, za ka ji yadda yake datse amo ya bar shiru tsakanin bugu da bugu.

Gibson SG kuwa mai sauƙin kai ce. Ba ta da nauyi, maganaɗisunta biyu, hannu na isa matsi na 22 (wurin danna tsirkiya na ƙarshe a wuya) ba wahala, kuma da tsirkiya 9 zuwa 42 irin ta Angus ana jan sauti sama kamar wasa. Aibinta biyu sananne ne: ka saki wuyan sai kan ya rinjaya ƙasa (maɗauri mai faɗi na fata yana ragewa), kuma in ta faɗi ta baya, kan na iya karyewa, don itacen wurin siriri ne.

Mai koyo, ko mai son jita ɗaya ta yi masa komai, ya ɗauki SG. Gretsch ɗin aiki guda ta iya, riƙe kiɗa daga baya, kuma sai mai tsayayyen hannun dama zai ci moriyarta.