Hattara da masu sayar da GPSDO na jabu

'Yan uwa masu harkar rediyo don sha'awa, duk wanda ke shirin sayen GPSDO (akwatin da ke ba rediyo ma'aunin firikwansi daidai da taimakon GPS) ta intanet ya dakata ya ji abin da ya same ni. An yi mini ungulu da kan zabo, kuma har yau ina ganin tallar tana yawo, sunan mai sayarwa na canzawa, hoton akwatin kuwa shi ne dai.

QO-100 ne ya sa ni nema, wato na'urar karɓa da mayar da saƙon rediyo ta 'yan sha'awa da ke jikin tauraron ɗan'adam Es'hail-2 da aka harba a 2018. Ana aika masa magana a gigahaz 2.4, a saurare shi a gigahaz 10. A firikwansi mai tsayi haka ƙaramin kuskure ba ya ɓuya. In ma'auninka na megahaz 10 ya kauce da haz 1 kacal, da an ninka shi sau dubu don a kai gigahaz 10, kuskuren ya zama haz 1,000, alhali faɗin muryar SSB (salon aika murya ta rediyo) duka bai wuce haz 2,700 ba. Shi ya sa ake neman GPSDO. Kiristal ne mai kyau, yawanci a cikin ɗan murhun da ke riƙe masa zafi ɗaya, sai bugun da ke fitowa daga GPS sau ɗaya kowace daƙiƙa ya riƙa ja masa linzami a hankali, tunda su taurarin agogon atom suke ɗauke da shi. Ba kiristal ɗin, ba GPSDO.

Mai sayarwar ya rubuta cewa sabo ne dal, da kiristal mai murhu, da modul ɗin GPS (ɗan guntun da ke karɓar siginar taurari) na kamfanin u-blox na asali. Har bidiyo ya turo mini, na'urar ƙidayar firikwansi na nuna 10 da sifirai jere a bayanta. Kuɗin bai kai rabin na sauran ba. Sai ya ce in na biya shi kai tsaye, ba ta shafin kasuwar ba, zai ƙara rage mini. Na san araha ba ta ado, amma kwaɗayi ya ja ni.

Ran da kaya ya iso na jona masa wuta a kan tebur. Kafin minti guda koriyar fitilar nan mai nuna ya kama tauraro ta kunnu. Na fara murna, sai idona ya faɗa kan eriya, tana nan cikin ledarta, ko kwance igiyar ban yi ba. Na kashe na kunna sau uku ina duban agogo, kullum lokaci ɗaya take kawowa. Ƙidaya kawai aka ɗora ta a kai. Na sa mita a layin wutar. Murhu na gaske yakan zuƙi wuta da yawa da farko, in ya yi zafi bayan 'yan mintoci sai jan ya sauka. Wannan ko motsi bai yi ba, bayan awa guda kuma akwatin sanyi ƙalau.

Na ɗauko sukudireba na buɗe. Ɗan allo ne guda, da modul ɗin GPS mai sitika a karkace, sai wani guntun ƙarfe da aka manne da gam a kusurwa don akwatin ya yi nauyi a hannu. Inda ya kamata kiristal ya zauna fili ne fetal. Waya ce aka ja daga ƙafar modul ɗin zuwa soket ɗin fita.

Dabarar ta fi fitilar wayo, don haka a lura. Irin waɗannan modul ana iya umartar su su fitar da megahaz 10 da kansu. Sai dai agogon cikinsu megahaz 48 ne, kuma 10 ba ya shiga 48 ba saura, don haka bugun ke fitowa wani dogo wani gajere. Na'urar ƙidaya matsakaici take ɗauka, sai ta nuna maka lamba mai kyau, bidiyon da ya turo ke nan. Amma ka ninka wannan rashin daidaiton bugun sau dubu ka ji yadda murya ke komawa kamar ana yagar tsumma. Da na haɗa modul ɗin da u-center, manhajar kamfanin u-blox, na tambayi sigarsa, sitika ta ce zubi na 8, shi ya amsa na 7.

Akwai kuma masu sayar da tsofaffin GPSDO da aka ciro daga turakun wayar salula a matsayin sababbi. Da yawansu kaya ne masu kyau in an faɗi gaskiyar shekarunsu. Amma lissafin makon GPS yana komawa sifiri duk bayan mako 1,024, na ƙarshe a Afrilun 2019, kuma wasu tsofaffin sukan ba da kwanan wata na kusan shekara 20 baya. Mai jona irinsu da kwamfuta ya duba kwanan wata tukuna.

Wanda ya riga ya saya, ya yi gwajin nan a ranar farko, kafin wa'adin mayarwa ya wuce: ya kunna ba eriya ya ga ko fitila za ta yi masa ƙarya, ya auna jan wuta, ya taɓa ya ji ɗumi. Wanda bai saya ba ya nemi hoton cikin akwatin a buɗe, kada kuma ya fita daga shafin kasuwa wajen biya. Ni da na tura wa mutumin hoton guntun ƙarfen, ya karanta, ya toshe ni, washegari asusun ya yi ɓatan dabo.

Akwatin na nan. Na cire fitilar, modul ɗin kuma shi ke saita mini agogon kwamfuta don FT8, salon aika rubutaccen saƙo ta rediyo da kwamfuta, inda zagaye ɗaya daƙiƙa 15 ne kuma kuskuren ƙasa da daƙiƙa ba ya hana aiki.