Lynis ko nmap da ndiff: wanne zai riƙa duba maka fayawol?

Malam, a kan sabobinka uku na Gusau da kake son a riƙa binciken dokokin fayawol ɗinsu (katangar da ke tace abin da ke shiga saba da abin da ke fita) ba tare da ka zauna a kansu ba, ɗauki nmap da ndiff: nmap na gano ƙofofin (port) da ke buɗe a saba, ndiff kuma na kwatanta sakamakon bincike biyu na nmap.

Lynis, mai binciken tsaron saba, kyauta ne, `lynis audit system` kawai za ka buga. Sai dai daga cikin saba yake leƙe. Zai gaya maka ko fayawol na aiki, ko babu doka ko ɗaya, ko akwai dokokin da fakiti (ƙunshin bayanai) bai taɓa bi ta kansu ba. A wannan fanni kusan iyakarsa ke nan.

Shi kuwa nmap daga waje yake ƙwanƙwasa ƙofofi, yadda ɓarawo zai yi, shi ya sa yake kama abin da karanta dokoki ba ya kamawa. Misali Docker, mai gudanar da manhajoji cikin kwantena: idan ka buɗe ƙofar kwantena, da kansa yake saka dokokinsa a iptables (inda Linux ke riƙe dokokin fayawol), su kewaye ufw (manhajar da ke sauƙaƙa saita fayawol). Ufw na nuna maka komai a rufe, alhali ƙofa 3306 ta MySQL ko 6379 ta Redis na buɗe ga duniya. Haka IPv6, sabon tsarin adireshin intanet: mutum ya gyara iptables tsaf, ya manta ip6tables mai riƙe dokokin IPv6.

Kowane dare cron, mai tayar da aiki a lokacin da ka tsara masa, ya gudanar da `nmap -Pn -p- -oX yau.xml` a kan adireshin sabar, ya maimaita da `-6` don IPv6, sannan `ndiff jiya.xml yau.xml` ya turo maka bambancin ta imel. Kar ka bar `-p-`, domin in babu shi ƙofofi 1,000 kawai nmap ke dubawa cikin 65,535. Kuma kar ka yi binciken daga ofis. In dokokinka sun amince da adireshin ofis, abin da za ka gani ba shi baƙo ke gani ba. Yi hayar ƙaramar VPS (sabar haya ta intanet) a wani wuri. In dole sai injin ofis, ka tuna cron ba ya rama aikin da ya wuce lokacin da aka ɗauke wuta, sai ka koma taimar systemd mai `Persistent=true`, wadda ke rama aikin da ya wuce.

A cikin sabar kuma ka riƙa adana jerin dokokin da `nft -s list ruleset` ke nunawa a git, mai riƙe tarihin canjin fayil. Wannan `-s` ɗin na cire ƙididdigar fakiti, in ba haka ba kullum sai ka ga canjin ƙarya har ka daina karanta saƙon. Fail2ban, mai toshe adireshin masu yunƙurin kutse, shi ma yana ƙara adireshi yana cirewa, tace nasa kafin kwatantawa.

Ba ka tambaya ba, amma hattara da masu yawo ofis-ofis da sunan binciken tsaro. Wasu rahoton Lynis na kyauta suke bugawa, su manna tambarinsu, su karɓi kuɗi. Duk wanda ya nemi kalmar sirrin root (asusun da ke da cikakken iko a saba) kafin ya rubuta maka abin da zai duba, sallame shi. Kai ma sabobinka kaɗai za ka bincika, ban da na wasu.