AC mai inbata: ya rage kuɗin wuta, amma sai da aka gyara ɗakin

Tun da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, a watan Afrilun 2024, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, kunna AC ya koma abin lissafi a gidaje da yawa. An ɗan sassauta daga baya a shekarar, amma bai sauko ƙasa da 200 ba a lokacin. Ƙarin kuma ya faɗo daidai lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Tsohon AC ɗina mai doki ɗaya da rabi yana jan wajen wat 1,200. Idan ya kwana yana aiki awa takwas ba hutu, kusan yunit goma ke nan, naira dubu biyu ta tafi kafin kiran asalatu. Shi ya sa na sayar da shi na ciko kuɗi na sayo mai inbata, shi ma doki ɗaya da rabi.

Bambancinsu a kwamfuresa yake, wato injin da ke matsa gas ɗin da ke kawo sanyi. Ta tsohon ko dai ta tashi da dukkan ƙarfinta ko ta mutu gaba ɗaya. Ta mai inbata kuwa, da zarar ɗaki ya kai sanyin da ka saita, sai ta rage gudu ta ci gaba a hankali, kamar direban da ya hau titin Zariya ya sassauta totur. A nan ragin yake fitowa. Sabon AC ɗin ba shi da ƙara, ba ya sa ƙwan fitila ya dushe idan zai tashi, kuma janaretan gidanmu yana ɗaukarsa ba tare da ya yi nishi ba. Wannan duk na yaba.

Sai dai masu shago ba sa gaya maka sharaɗin. Idan ɗakin bai riƙe sanyi ba, kwamfuresar ba za ta taɓa samun damar sassautawa ba, sai ta yi ta gudu kamar ta tsohon, kuɗin da ka ƙara kuma ya tashi a banza. Ɗakina rufin kwano ne da silin mara kauri, tagarsa tana kallon yamma. Kwanon yakan sha rana wuni guda, ya yi ta sauke zafin a kanka har bayan isha'i. Da farko ragin da na gani a mita bai taka kara ya karya ba.

Da aka shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, aka sa labule mai kauri a tagar, aka toshe ƙasan ƙofa, sai mitar ta fara nuna mutunci. Na kuma daina saita AC ɗin a digiri 16. Yanzu 25 nake bari, in haɗa da fankar sama, wadda abin da take ja bai wuce wat 75 ba. Iskar da ke kaɗawa kan sa jiki ya ji sanyi fiye da abin da lambar ta nuna. Kakanninmu da suka yi soro da katangar ƙasa mai kauri da rufin azara sun riga mu gane wannan. Mu ne muka koma bulo da kwano muna biyan kuɗin sanyi.

Abu biyu ne ba su yi min daɗi ba. Na farko, ƙurarmu. Ragar da ke tace iska tana toshewa da wuri, musamman da hunturu, kuma idan ta toshe sanyi ya ragu, cin wuta ya ƙaru. Wankinta da ruwa ba wuya, amma sai ka riƙa tunawa. Na biyu, allon lantarkin da ke cikinsa ba ya son wuta mai hawa da sauka, kuma canza shi tsada gare shi, ba kowane mai gyara ne ma ya iya taɓa shi ba. Dole na haɗa masa stabilaiza.

Wajen ɗaurawa, ka tsaya a kan mai aikin. Ya sa injin zuƙe iska ya zuƙe iskar cikin bututu kafin ya saki gas, kuma ya kafa injin waje inda inuwa take, iska na ratsawa. Wanda aka turo min ya so ya manna shi a bangon yamma don ya rage tsawon bututu, sai da muka yi ja-in-ja.

Ga mai kwana da AC kullum a kan mita mai kati, ya cancanci kuɗinsa. Wanda ke kunna shi awa ɗaya ko biyu da rana, gara ya fara kashe kuɗin a kan silin da labule.