Sharhina kan gidan haɗaka a Tokyo, ga masu shirin zuwa koyon Japananci

Jama'a tambayar masauki ta yi yawa, kowa sai ya ce in ya samu makarantar koyon Japananci a Tokyo ina zai zauna, to bari in faɗi abin da na gani a inda nake. Irin gidan nan ne da suke ce wa shea hausu, kowa da ɗakinsa amma kicin da banɗaki da falo na kowa da kowa ne, kusan gidan yawa dai irin namu sai dai babu mai leƙo ka ya ce ina kwana. Ba zan kama sunan kamfanin ba don akwai inda zan caccake su.

Abin da ya fara kai ni can kuɗi ne. In ka ce ɗaki naka kai kaɗai za ka kama, akwai shikikin wato kuɗin ajiya, akwai reikin wanda kyauta ce kawai kake wa mai gida ba ya dawowa, ga la'adar dillali ga kuɗin kamfanin da zai tsaya maka, kafin ka riƙe makulli hayar wata huɗu ko biyar ta tafi kuma ɗakin wayam za ka same shi ba firji ba katifa, wasu masu gidan ma da sun ji baƙo ne shikenan an rufe magana. A nan kuwa na shigo da jakata na tarar da gado da tebur da intanet, ina biyan wajen yen dubu 60 a wata, wuta da ruwa da gas kuma wani ɗan abu a kai. Da takardar gidan na je ofishin unguwa aka buga min adireshi a bayan katin zama, wannan dole ne cikin kwana 14, a can kuma na yi inshorar lafiya ta ƙasa wadda kashi 30 kawai kake biya a asibiti.

Amma gaskiya ribar gidan a baki take. A makaranta rabin yini ake yi, 'yan ajinmu yawanci 'yan Sin ne da Biyetnam da Nepal, dukkanmu Japanancin littafi muke yi, irin na ladabi mai ƙarewa da desu da masu, kurakuran juna muke ta kwafa. Su 'yan Sin ma sun huta, kanji, wato haruffan da Japananci ya aro daga Sinanci, a hannunsu yake, kai kuwa ga haruffan hiragana 46 ga na katakana 46 sannan a ce maka kanjin yau da kullum 2,136 ne. Sai da na fara zama a kicin bayan ƙarfe tara na dare lokacin da ma'aikata ke dawowa na ji yadda mutane ke magana da gaske, suna haɗiye rabin kalma suna gudu, akwai wata 'yar Osaka da in ta saki harshen garinsu ko abin da aka koya min a aji ban ji a ciki. Wata na farko kai kawai nake gyaɗawa. Girki ne ya buɗe min hanya, ranar da na yi miyar gyaɗa da shinkafa sai da aka zagaye tukunyar ana tambaya me na sa, barkonon ya sa wani ya sha ruwa har ya gaji amma ya ƙara. Daga nan aka sa ni a guruf ɗin LINE na gidan, don a nan ba WhatsApp ake yi ba. Wani ɗan Japan a gidan shi ya gyara min takardar neman aiki ya kuma zauna muka yi ta gwajin yadda zan yi waya da mai shago da harshen girmamawa, wallahi wannan ya fi min darasin mako guda.

Tunda na taɓo aiki, awa 28 a mako doka ta ba ɗalibi, shi ma sai da izini, a dogon hutu ne ake kai awa 8 a rana. Mafi ƙarancin albashi a Tokyo ya koma yen 1,163 a awa a Oktoban 2024, zai biya haya da abinci amma kada wani ya yaudare ka wai har kuɗin makaranta zai fito a ciki. Kuma suna duba yawan zuwanka aji in za a sabunta biza.

Maganar addini kuwa sai ka tashi tsaye. Kaskon da ke kicin kowa na soya alade a ciki, na sayi tukunyata da wuƙata na ajiye a ɗaki. Haruffa biyu na fara haddacewa don karanta bayan leda, 豚 alade da 酒 giya, sannan mirin da suke zubawa a miya shi ma da giya a ciki. Kaza ta halal ina samu a kantin Gyomu Super, kayan yaji da naman rago kuma Shin-Okubo a layin shagunan Musulmi. Dan Allah kada a ɗauko kilishi daga gida, an hana shigo da nama kuma tarar tana iya kai yen miliyan 3. In makaranta ta ba ka zaɓi ka ɗauki ajin safe don ka samu Juma'a, ni masallacin Otsuka nake zuwa, wani lokaci Tokyo Camii a Yoyogi-Uehara. Banɗakinsu dai sai godiya, mai fesa ruwa ne, buta ta huta.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai. A talla sun nuna rabin mazauna gidan 'yan ƙasa ne, da na zo ba su kai haka ba, Turawa sun fi yawa, in ba ka yi hankali ba sai ka shekara kana Turanci a falo. Ɗakin a hoto fili guda, a zahiri in na shimfiɗa dadduma sai na ture kujera. Bangon kuma kamar babu, Japan na gaban Najeriya da awa 8, lokacin da Hajiya ta samu sukunin waya nan dare ya yi, na yi hira da ita cikin nishaɗi washegari sai ga saƙo daga kamfani wai an kai ƙara ana surutu. Wanda ya kai ƙarar muna haɗuwa a kicin yana min murmushi, bai taɓa cewa uffan ba, har yau abin na ci min rai. Na'urar ɗumama ɗakina ta lalace cikin sanyin Janairu, sai da na yi ta aika saƙo kafin su turo mai gyara. Shara kuma ranaku gare ta, mai ƙonewa daban robar ruwa daban gwangwani daban, in layi ya zo kanka kai za ka bi ka gyara shirmen wasu.

Zumuncin ma kada a zata irin namu ne. Ba a faɗo wa mutum ɗaki haka kawai, fita shan shayi sai an sa rana mako biyu gaba, in kuma an tafi izakaya, wato mashayarsu da ake cin abinci, kai kana shan shayin ulon su suna giya a ƙarshe a raba kuɗi daidai wa daida, ga kuɗin ɗan abin taɓawa da ba ka ce a kawo ba, sannan kowa ya ruga kada jirgin ƙarshe na wajen sha biyu ya wuce shi. Kana fara sabawa da mutum kuma sai ka ga ya haɗa kaya ya tashi.

In maki zan ba su, 7 cikin 10. Ga sabon zuwa mai son ya kai N2, wato mataki na biyu daga sama a jarrabawar ƙwarewa a Japananci, ya dace, mai iyali ko mai son shiru ya nemi wani wuri. Kafin ka sa hannu ka tambaye su 'yan Japan nawa ne a gidan yanzu yanzu, sanarwar kwana nawa ake bayarwa kafin tashi, da nawa za su cire na share ɗaki ranar fita, kuma su rubuto maka amsar a rubuce.