Mai magana a zauren majalisa da mai rabon babura: wanne ke mana aiki?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayar da ka jefo mana daren jiya ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in amsa a tsanake. Ka ce ɗan majalisarku na tarayya kullum bidiyonsa na yawo yana miƙewa a zaure, yana magana kan tsaro da makarantu da kuɗin raya karkara, amma ko rijiya bai haƙa muku ba. Na mazaɓar da ke maƙwabtaka da ku kuwa ba a taɓa jin muryarsa a Abuja ba, amma ya raba babura da kekunan ɗinki, ya kafa fitilu masu aiki da hasken rana. Ka ce wanne ne ke aiki a cikinsu.

Mu fara da kuɗi, don nan aka fi ruɗa mu. Tun zamanin Obasanjo ake ware wani kaso a kasafin kuɗin tarayya don ayyukan mazaɓu, kuma a shekarun baya an daɗe ana sa naira biliyan 100 a shekara. Masu rabon su 469 ne, sanatoci 109 da wakilai 360. Da daidai ake rabawa, kowa zai tashi da kimanin miliyan 213, sai dai shugabannin majalisa sun fi sauran samu. A ƙa'ida ɗan majalisa ba ya taɓa kuɗin da hannunsa. Shi dai ya zaɓi aikin, a cusa shi ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma, ita ta ba da kwangila. Daga nan ne ake samun abin mamaki, ka ga cibiyar binciken noma an ɗora mata kafa fitilun titi a garin da ba ta da ko ofis.

To ka ga ke nan su biyun duk suna da kaso. Mai rabon babura ba daga aljihunsa ya ciro ba, haƙƙinku ne ya biyo ta hannunsa. Shi kuma mai magana, iya baki ba ta wanke shi ba: ina nasa kason ya shiga? Wannan tambayar ta hau kansa, kuma ina ganin ita ya kamata ku fara yi masa.

Amma kar a yi saurin tafa wa mai rabo. Gini ana iya zuwa a auna shi, a ƙirga bulo, a duba kwano. Babur kuwa da an raba ya watse, wa zai ce ɗari aka saya ko arba'in? Hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta fara bin sawun waɗannan ayyuka a 2019, kuma irin wannan rabon tallafi da horaswa na cikin abin da ta fi kuka da shi. A shekarar ce ma Shugaba Buhari ya faɗa a bainar jama'a cewa an ware kusan naira tiriliyan 1 ga ayyukan mazaɓu cikin shekara 10 ba tare da talaka ya gani a ƙasa ba. A garinmu akwai rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da jawabi, an kafa allo mai hoton mai girma ya fi tankin girma. Damina biyu ta yi famfon ya ƙone. Ba a ɗora wa kowa kula da ita ba, ba a ware ko sisi don gyara ba. Yanzu awaki ke kwana a inuwar tankin, yara kuma sun koma tura baro da jarkoki zuwa bakin rafi.

A ɓangaren mai magana, akwai lokacin da baki ke yin abin da hannu ba zai yi ba. Ku tuna Maris 2024, da Sanata Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya faɗa wa BBC Hausa cewa akwai kusan tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da bai ga ayyukan da aka jingina su da su ba. An dakatar da shi, abokan aikinsa sun musanta, amma muhawarar da ta biyo baya ta sa mutane da yawa suka fara tambayar yadda ake rabon kuɗin mazaɓu. Haka Hukumar Raya Arewa maso Gabas da aka kafa a 2017, da ta Arewa maso Yamma da Sanata Barau Jibrin ya ɗauki nauyin ƙudirinta aka sa mata hannu a 2024, duk daga zaure suka fito. Ko mutum na da ƙorafi kan yadda suke aiki, kuɗin da ke bi ta cikinsu ya fi ƙarfin kason ɗan majalisa guda nesa ba kusa ba.

Sai tsaro, kuma a nan nake so ka lura sosai, don akwai magana iri biyu a majalisa da muke haɗa su a suna ɗaya. Akwai ƙudirin jan hankali, akwai ƙudirin doka. Na farko shi ne wanda muka fi gani a bidiyo: an kai hari ƙauye, wakili ya miƙe da ƙudirin gaggawa, a yi shiru na minti ɗaya, a yi kira ga hafsoshin tsaro su tura dakaru, a ce hukumar agajin gaggawa ta kai kayan abinci. Wannan kira ne kawai, bai ɗaure ɓangaren zartarwa ba. Daga sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 zuwa Jangebe a 2021 zuwa Kuriga a 2024 mun ji irinsa har mun haddace. Ban raina shi ba, domin mutanen da aka kashe musu 'yan'uwa suna buƙatar a ambaci sunan garinsu a gaban ƙasa. Amma idan an tashi daga zaman shi ke nan, bidiyo kawai aka samu.

Ƙudirin doka daban ne. Sai ya wuce karatu na ɗaya da na biyu, ya je kwamiti, a ji ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ta amince, shugaban ƙasa ya sa hannu. Ta wannan hanyar aka samu dokar asusun tallafa wa 'yan sanda ta 2019 da sabuwar dokar 'yan sanda ta 2020 da ta maye gurbin ta zamanin Turawa. Batun 'yan sandan jihohi ma sai an gyara tsarin mulki, da kashi biyu bisa uku na kowace majalisa da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ga kuma sashe na 88 da 89 na tsarin mulki da suka ba majalisa ikon kiran kowane jami'i ya yi bayanin kuɗin da aka ba shi. Mai rabo iyakarsa ya sayo wa 'yan banga babura da tocila, ko ya gyara ofishin 'yan sanda. Yana da amfani a daren da ake buƙata, amma ba shi ke tura soja ba, ba shi ke biyan alawus ɗinsu ba. A tsaro dai mai zaure ya fi ƙarfi, in har yana bin abin da ya faɗa zuwa kwamiti.

A ilimi ma kusan haka ne. Mai aikin mazaɓa zai gina ajujuwa uku, ya biya wa ɗalibai kuɗin JAMB da NECO, kuma uban da aka ɗauke wa wannan nauyi ba zai manta ba. Sai dai ɗaukar malaman firamare na jiha da ƙaramar hukuma ne, shi ya sa za ka ga sabon fenti da yara cike, malami guda na zagaya aji uku. Babban kuɗin yana wani wuri: dokar hukumar ilimin bai-ɗaya (UBEC) ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin farko, amma sai jiha ta kawo nata rabin kafin ta karɓa, kuma jihohi da dama sun sha barin biliyoyi a ajiye. Wakilin da ya matsa kan wannan a kwamiti, ya ambaci jiharsa ko da gwamnan ɗan jam'iyyarsu ne, ya yi wa yara abin da ya fi ajujuwa uku. Hukumar kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa makaranta da aka kafa a 2023 ma daga ƙudirin wani wakilin Sakkwato ta fito, Shehu Balarabe Kakale.

Don haka ni na fi karkata ga naku, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba ƙarami ba ne. Idan ya zo gida da sallah, ku je masa a ƙungiyance, da ladabi, ba da roƙo ba. Ku ce ya nuna muku ƙudirin dokarsa da ya kai ko karatu na biyu, ya faɗi kwamitin da yake ciki da jami'in da suka taɓa kira, sannan ya karanto muku ayyukan da ya sa wa mazaɓarku a kasafin bana, da hukumar da aka ɗora wa kowanne, da adadin kuɗin. Kasafin a buɗe yake a shafin ofishin kasafin kuɗi na tarayya, kuma masu shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT mai bin diddigin kasafin kuɗi suna fitar da jerin ayyukan mazaɓu. Turo mini sunan mazaɓar taku, in Allah ya yarda zan duba in sako mana abin da na gani a nan kafin Juma'a.